Baƙin gauraka da gauraka mai ruwan toka: wanne ya fi shiga haɗari?

Malam Sani:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar tsuntsaye. Akwai wani al'amari da ya daɗe yana damuna game da gauraki biyu na Afirka, wato baƙin gauraka wanda masana ke kira Balearica pavonina, da ɗan'uwansa mai ruwan toka wanda suke kira Balearica regulorum. A jerin da ƙungiyar IUCN ke fitarwa na halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, baƙin yana matakin masu rauni, mai alamar VU, tun shekarar 2010, shi kuwa mai ruwan toka an ɗaga shi zuwa matakin waɗanda ke cikin haɗari, mai alamar EN, a shekarar 2012, wanda ya ɗara na baƙin da mataki ɗaya. Amma idan aka koma ga yarjejeniyar CITES da ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sai a ga al'amarin ya juye, domin baƙin gauraka ne ke sashe na ɗaya, mafi tsananin kariya, alhali mai ruwan toka yana sashe na biyu. Ina neman masu ilimi su warware mini wannan, domin a ganina ba zai yiwu ma'aunai biyu su saɓa wa juna haka ba sai da dalili.

Auwalu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin manya su amsa, ina da wata tambaya da ta rigayi taka. Shin da gaske waɗannan tsuntsaye jinsi biyu ne? Na duba hotunansu, dukansu suna da tukku mai ruwan zinariya, da baƙin goshi, da fararen fukafukai, kuma bambancin da idona ya kama bai wuce launin wuya ba. Idan launi ne kaɗai, me ya hana a ce jinsi ɗaya ne mai kamanni biyu, a haɗa lissafinsu wuri guda?

Malama Rabi:
Tambayarka tana kan hanya, Auwalu, kuma masana da dama a ƙarni na 20 sun tafi a kan ra'ayin da ka kawo, sun ɗauki gaurakin masu tukku a matsayin jinsi ɗaya mai rassa huɗu. Bari in fara daga tushe. Linnaeus ne ya raɗa wa baƙin gauraka sunan kimiyya a 1758, kuma a lokacin ya sa shi a gida ɗaya da zalɓe, ya kira shi Ardea pavonina, kalmar ta biyu tana nufin mai kama da dawisu. Wannan kuskure ne da dogayen ƙafafu da dogon wuya suka jawo, domin gauraka ba ɗan'uwan zalɓe ba ne. Zalɓe yana naɗe wuyansa idan yana tashi, gauraka kuwa miƙe shi yake yi, kuma 'yan'uwansa na kusa su ne irin su kazar ruwa da sauran tsuntsayen rukunin Gruiformes. A 1760 Brisson ya ware masa gidansa na kansa mai suna Balearica. Shi mai ruwan toka sai a 1834 Bennett ya bayyana shi da sunan regulorum, wato na ƙananan sarakuna, saboda tukkun da ya yi kama da kambi.

Dangin gauraki, Gruidae, yana da jinsi 15 a duniya, kuma waɗannan biyun su kaɗai ne suka keɓanta a wani ɓangare na dangin da ake kira Balearicinae. Su ne kaɗai gaurakin da ke iya kwana a kan itace, saboda suna da dogon yatsan baya da ke kama reshe, sauran kuwa yatsan nasu gajere ne kuma a sama yake, don haka a tsaye cikin ruwa suke kwana. Haka nan ba su da dogon maƙogwaro mai naɗewa cikin ƙashin ƙirji wanda ke ba wasu gauraki ƙarfin murya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa zuriyarsu ce ta fara rabuwa da sauran dangin.

Bambancin da ke tsakaninsu kuma ya wuce launin wuya. Mai ruwan toka yana da jar fata babba da ke reto a ƙarƙashin haɓarsa, ta baƙin kuwa ƙarama ce ƙwarai. Kumatun mai ruwan toka fari ne da ɗan ja a sama, na baƙin kuwa farin ne a sama, jan a ƙasa. Kukansu ma daban ne, kuma mazauninsu ya rabu: baƙin yana zaune daga Senegal zuwa Habasha ta cikin yankin Sahel da Sudan, mai ruwan toka kuwa daga Yuganda da Kenya har zuwa Afirka ta Kudu. Waɗannan dalilai, tare da sakamakon binciken ƙwayoyin gado, su suka sa a yau aka daidaita a kan cewa jinsi biyu ne, kowanne da rassa biyu. Na baƙin su ne pavonina a yamma da ceciliae a gabas, na mai ruwan toka kuma regulorum a kudu da gibbericeps a gabashin Afirka.

Auwalu:
Na gode, Malama, Allah ya ƙara basira. Amma ashe wannan rabe-raben yana da tasiri ga kariyar tsuntsun, ko kuwa magana ce ta cikin littafi kawai?

Malam Isiyaku:
Yana da tasiri ƙwarai, ɗana, kuma a nan ne amsar Malam Sani take. IUCN jinsi take aunawa gaba ɗayansa a faɗin duniya. Da a ce har yanzu ana ɗaukar gaurakin nan jinsi ɗaya, da lamba ɗaya za su samu, kuma saurin raguwar ɗaya zai narke cikin lissafin ɗayan. Tun da an raba su, kowanne ya sami nasa hukunci. To amma rassan da ke cikin kowane jinsi har yanzu a haɗe ake lissafa su, kuma wannan shi ne abin da ke ɓoye halin da reshen yamma na baƙin gauraka yake ciki.

Abu na biyu da ya kamata mu fahimta shi ne cewa matakan nan ba yawan tsuntsu kaɗai suke dubawa ba. Akwai sharuɗɗa biyar, kuma wanda aka yi amfani da shi ga gaurakin nan shi ne na saurin raguwa cikin shekara goma ko tsawon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo a cikinsu. Idan jinsi ya ragu da kashi 30 cikin ɗari a wannan tsakani, sai ya shiga matakin masu rauni; idan ya kai kashi 50, ya shiga matakin haɗari; idan ya kai kashi 80, ya shiga matsanancin haɗari. Gauraka tsuntsu ne mai tsawon rai da jinkirin fara haihuwa, saboda haka zuriyarsa uku a lissafin da aka yi wa mai ruwan toka ta kai kusan shekara 45. An ƙiyasta cewa a 1985 masu ruwan toka sun haura 100,000, a 2004 sun koma tsakanin 50,000 da 64,000, daga baya kuma ƙiyasi ya sauko zuwa tsakanin 26,500 da 33,500. Wannan faɗuwa ce ta sa cikin 'yan shekaru kaɗan ya tashi daga matakin da ba a fargaba a kansa, ya shiga na masu rauni a 2009, sannan na haɗari a 2012.

Domin a ga cewa yawa ba shi ne ma'auni kaɗai ba, a dubi farin gaurakan Amurka ta Arewa, Grus americana, wanda garkensa mai ƙaura ya taɓa raguwa zuwa 15 a 1941, kuma har yau adadinsa ɗaruruwa ne. Matakinsa ɗaya da mai ruwan toka da ke da dubbai, amma shi ƙarancin adadi ne ya kai shi can, wannan kuwa saurin faɗuwa.

Malam Sani:
Na fahimci wannan, Malam, Allah ya saka da alheri. Sai dai abin da ka kawo ya ƙara mini damuwa maimakon ya rage ta. Baƙin gauraka shi ne ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, kuma an ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1970 akwai fiye da 15,000 a ƙasar ita kaɗai. Yau kusan a ce ya ɓace daga cikinta, sai 'yan ƙalilan da ake gani a gefen Tafkin Chadi. Ƙiyasin da aka yi wa reshen yamma gaba ɗaya a 2004, daga Senegal har Chadi, bai wuce kusan 15,000 ba. Ma'ana, abin da ƙasa ɗaya take da shi a da shi ne abin da ya rage wa yankin baki ɗaya. Ta yaya tsuntsun da ya yi irin wannan asara zai zauna a matakin da ke ƙasa da na wanda har yanzu ake ganin garkensa a gonakin Yuganda da Kenya?

Malama Rabi:
Malam Sani, dalilai biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan. Na farko shi ne wanda Malam Isiyaku ya ambata: reshen gabas ya fi na yamma yawa nesa ba kusa ba. An ƙiyasta shi tsakanin 28,000 da 55,000 a 2004, mafi yawansa a Sudan ta Kudu da Sudan da Habasha, saboda haka idan aka haɗa lissafi, shi ne ke rinjayar sakamakon. Ka lura da faɗin tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, kusan ninki biyu ce. Fadamar Sudd da ke Sudan ta Kudu, wadda ke ɗaya daga cikin manyan mazaunansa, ta yi shekaru masu yawa cikin yaƙi, kuma ƙidaya a irin wannan wuri tana da wuya matuƙa. Idan aka ɗauki lambar sama, raguwar ba ta da tsanani. Idan aka ɗauki ta ƙasa, ta kusa kaiwa ta mai ruwan toka.

Na biyu shi ne wurin da aka fara awon. Lambobin da aka fi dogara da su wajen kwatantawa sun fara ne daga 1985, lokacin da aka ƙiyasta reshen yamma tsakanin 15,000 da 20,000. Wanda ya kwatanta wannan da 15,000 na 2004 zai ce raguwar kaɗan ce. Amma a 1985 ɓarnar ta riga ta auku, domin farin shekarun 1970 da na farkon 1980 ya riga ya busar da fadamun Sahel, kuma Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya riga ya janye ƙwarai. Shi mai ruwan toka faɗuwarsa ta auku ne a daidai lokacin da ake ƙidaya, a ƙasashen da ke da masu bincike da yawa, don haka an gan ta, an rubuta ta. A ganina, tazarar mataki ɗaya da ke tsakaninsu ta fi nuna bambancin yadda aka san su fiye da bambancin halin da suke ciki.

Hajiya Binta:
Ina son in ɗan ja da ke a nan, Malama, cikin girmamawa. Ina jin tsoron kada mai karatu ya fita da tunanin cewa an zuzuta matsalar mai ruwan toka ne kawai domin an fi sa masa ido. Barazanar da yake fuskanta ta gaske ce kuma tana ci gaba a yanzu. Yana zaune ne a yankunan da suka fi ko'ina cunkoson jama'a a nahiyar, kamar Ruwanda da Burundi da kudancin Yuganda da yammacin Kenya, inda ake mayar da fadama gona a kowace shekara. Gauraka a cikin ciyawar fadama yake yin sheƙa, a ƙasa, inda ruwa ya kewaye ta. Idan aka janye ruwan, ko dabbobi suka tattake ciyawar, karnuka da mutane suna isa ga ƙwai cikin sauƙi. Bayan haka akwai guba da wasu manoma ke zubawa saboda yana tone irin masara bayan shuka, akwai karo da wayoyin lantarki, akwai kuma kama 'ya'yansa domin a ajiye su a gidaje da otal-otal. A Ruwanda abin ya kai ga waɗanda suka rage a daji ba su kai 500 ba. Wannan ba kuskuren ƙidaya ba ne.

Malama Rabi:
Gaskiyarki, Hajiya, kuma ban yi nufin rage nauyin halin da mai ruwan toka yake ciki ba. Matakin da aka ba shi ya dace da shi. Abin da nake cewa shi ne matakin baƙin ne ke iya zama ƙasa da yadda ya kamata.

Malam Isiyaku:
Yanzu mu koma ga ɓangaren CITES na tambayar Malam Sani, domin har yanzu ba a taɓa shi ba. Ita wannan yarjejeniya, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, aikinta daban ne da na IUCN. Jerin IUCN hukunci ne na masana, kuma ƙungiyar BirdLife International ce ke tattara bayanan tsuntsaye a madadinta. Ba doka ba ne, ba ya tilasta wa kowa komai. CITES kuwa doka ce tsakanin gwamnatoci, kuma tambayar da take yi ita ce ko cinikin ƙasa da ƙasa yana cutar da jinsin. Sannan jinsi ba ya canja sashe da kansa, sai wata ƙasa ta gabatar da buƙata a babban taro an amince da ita. A taron da aka yi a Janiba a 2019, ƙasashen Burkina Faso da Kwaddibuwa da Senegal ne suka nemi a ɗaga baƙin gauraka daga sashe na biyu zuwa na ɗaya, aka kuma amince. Sashe na ɗaya ya haramta cinikin kasuwanci na waɗanda aka kamo daga daji, na biyu kuwa ya yarda da shi bisa takardar izini.

Ku lura da ƙasashen da suka kawo buƙatar, dukansu na yankin reshen yamma ne. Wato waɗanda suka ga ɓacewar da idonsu su ne suka motsa, suka bi ta ƙofar da ke buɗe gare su. Saboda haka ma'aunan biyu ba su ƙaryata juna ba, tambayoyi biyu daban suka amsa. Zama a sashe na biyu kuma ba ya nufin cewa ciniki bai shafi mai ruwan toka ba, domin shi ma ana fataucinsa ba bisa ƙa'ida ba.

Malam Sani:
Wannan ya warware mini rabin matsalar. Rabin da ya rage shi ne ko sashe na ɗaya zai amfani tsuntsun a zahiri. A fahimtata, mafi yawan kamun da ake yi wa baƙin gauraka ba ya ƙetare teku, a cikin ƙasa ko tsakanin maƙwabta yake ƙarewa, inda ake ajiye shi a gida domin ƙawa bayan an karya masa fiffike ko an yanke gashinsa. CITES ba ta da iko a kan abin da bai ƙetare iyaka ba. Kuma gaurakan da aka kama yana ƙarami galibi ya fita daga cikin masu haihuwa a daji, ga shi iyayen ƙwai biyu zuwa biyar kawai suke yi a shekara, kuma ba duka ke rayuwa ba.

Sannan ko an daina kamun gaba ɗaya, ina zai koma? Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, haka madatsar Maga da aka gina a 1979 ta yi wa filin Waza da Logone a arewacin Kamaru. Tsuntsun da haihuwarsa ta dogara da ambaliyar damina ba zai zauna inda ruwan ya daina zuwa ba.

Hajiya Binta:
Maganarka a kan iyakar CITES daidai ce, Malam, shi ya sa nake ganin darasin da ya fi amfani yana wajen mai ruwan toka. A Ruwanda wani likitan dabbobi, Olivier Nsengimana, tare da hukumomin ƙasar, sun bi hanyar da ba ta dogara da kama mutane ba. An yi afuwa ga masu ajiye gauraki a gida, aka nemi su yi musu rajista, aka duba lafiyar tsuntsayen, aka mayar da waɗanda za su iya rayuwa a daji zuwa gandun Akagera, waɗanda aka nakasa kuma aka ba su mafaka a wata fadama da aka farfaɗo da ita a Kigali mai suna Umusambi. A lokaci guda aka ɗauki mutanen ƙauyuka aikin gadin fadamu. Ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a 2017 ta sami 487, zuwa 2022 kuma adadin ya haura 1,000. A ganina alamar EN ta taimaka a nan, domin ita ta jawo hankalin masu ba da tallafi, kuma a 2015 aka amince da shiri na musamman na ceto wannan jinsi a ƙarƙashin yarjejeniyar AEWA ta tsuntsayen ruwa. Kasancewarsa a tutar Yuganda ma ya ba shi martabar da ke sauƙaƙa yi wa mutane magana a kansa.

Auwalu:
Idan haka ne, Hajiya, tun da alamar tana jawo tallafi, me zai hana a ɗaga reshen yamma ya zama jinsi mai zaman kansa, domin ya sami matakin da ya dace da shi?

Malama Rabi:
A'a, Auwalu, wannan hanya ce da bai kamata a bi ba. Rabon jinsi dole ya tsaya a kan hujjar halitta, kuma bambancin da ke tsakanin pavonina da ceciliae ƙarami ne, mafi bayyanarsa shi ne yadda jan kumatu ya ɗan haura sama a na gabas. Idan masana suka fara raba jinsi domin neman kuɗi, amanar da aka ba jerin za ta zube, kuma dukan tsuntsaye ne za su yi asara. Akwai hanyar da ta halatta, domin IUCN tana da ƙa'idojin auna jinsi a matakin ƙasa ko yanki, kuma ƙasashe irin su Afirka ta Kudu suna fitar da nasu jerin da su. Da wannan ma'auni kowace ƙasa za ta iya bayyana halin da gaurakanta yake ciki ba tare da an taɓa sunansa na kimiyya ba.

Malam Isiyaku:
Kuma duk wannan yana komawa ga ƙidaya. Babban binciken da aka yi wa baƙin gauraka a faɗin mazauninsa an yi shi ne a 2000 da 2001, ƙarƙashin Gidauniyar Gauraki ta Duniya da ƙungiyar Wetlands International, aka fitar da rahotonsa a 2003. Lambobin baƙin gauraka na 2004 da muka yi ta ambata a wannan muhawara sun samo asali ne daga wancan lokaci, wato sun haura shekara ashirin. Wuraren da ya kamata a fi sa wa ido an san su: gandun Zakouma da Tafkin Fitri a Chadi, filin Waza da Logone, fadamar kogin Neja ta tsakiyar Mali, yankin Kasamas na Senegal da gaɓar Gini Bisau, sai Tafkin Tana a Habasha. Lokacin rani ya fi dacewa da ƙidaya, domin a lokacin ne suke taruwa garke-garke a inda ruwa ya rage, da damina kuwa suna watsuwa biyu-biyu cikin doguwar ciyawa.

Malam Sani:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ina roƙon duk wanda ke cikin wannan zaure da ya ga baƙin gauraka a daji ya rubuta ranar, da wurin, da adadinsu, da ko akwai ƙanana a cikinsu, waɗanda ake gane su da launin ƙasa-ƙasa da gajeren tukku. Idan sheƙa ce ya gani, kada ya bayyana ainihin wurin a fili, ya aiko mini a keɓe, ni kuma zan haɗa bayanan in miƙa wa Malama Rabi ta duba su kafin a shigar da su cikin eBird, manhajar da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani.